Martani: Kula da Bakin Kare da Jikin Kyanwa Ba Gatan Turawa Ba Ne

Malam, na karanta maƙalarka a kan mutanen birni da suka fara saya wa karnukansu buroshin goge baki, suna taje wa kyanwa gashi, suna ɗaukar dabba a mota zuwa asibiti. Ranka ya ɓaci, kuma ɓacin ran yana da tushe. Hujjarka ita ce, a ƙasar da maigida ke kwana da tunanin cefanen gobe, inda mace ke haihuwa a ɗaki don babu kuɗin asibiti, rashin ta-ido ne mutum ya tsuguna yana goge haƙoran kare. Ka ƙara da cewa karnukan kakanninmu sun yi farauta sun yi gadi ba su san buroshi ba, ƙashi shi ne aswakinsu, kyanwa kuwa Allah ya hore mata harshen da take wanka da shi, don haka duk wannan hidima kwaikwayon Turawa ce. Ka rufe da shawarar a bar dabba a matsayinta na dabba.

Akwai inda ba ni da ja. Wanda ya ɗinka wa kare riga, ko ya tara jama'a bikin ranar haihuwar kyanwa alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba, ba zan tsaya masa ba. Inda muka rabu shi ne, ka tattara ado da lafiya ka zuba su a kwando ɗaya. Wanda ya karanta ka ya gamsu zai tashi da fahimtar cewa allurar rigakafi da cire kaska da duba bakin dabba duk 'yan uwan rigar kare ne, abin da mai hankali zai kau da kai daga gare shi. Wannan fahimtar nake jin tsoro, domin illarta ba za ta tsaya a kan kare ba, yaran gida za ta samu.

Zan fara da abin da ba ka ambata ba ko kaɗan, wato ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukkansu daga kare suka ɗauka. Yara sun fi shiga haɗarin saboda su ke wasa da kwikwiyo, su ne gajeru, cizon yakan same su a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, su ne kuma kan ɓoye ɗan cizo ko yakushi don gudun faɗan iyaye. Ƙwayar cutar a miyau take. Daga wurin cizon take bin jijiya tana hawa a hankali, yawanci wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya kacal, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta. Ranar da yaro ya fara zabura in ya ga ruwa, ƙishirwa na cinsa amma maƙogwaro ya ƙi karɓa, to an riga an makara, domin da zarar alamun sun fito kusan babu mai tashi. A gidaje da yawa ma ba za a danganta abin da kare ba. Za a ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi har rai ya yi halinsa, mutuwarsa kuma ba za ta shiga lissafin kowace hukuma ba.

Abin da ke tare wannan masifa tun daga tushe allura ce guda ɗaya da ake yi wa kare in ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Kyanwa ma ana yi mata. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, cutar takan rasa inda za ta bi, sai ta yanke. Ba ƙasashen masu kuɗi kaɗai suka gwada ba. A Njamena, babban birnin Chadi, an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allurar kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta lafa a birnin har sai da karnukan waje suka sake shigo da ita. Meziko ta dage da irin wannan gangami shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta kawar da haukar da mutum ke ɗauka daga kare. Mu nan ba sai mun nemo allurar daga nesa ba, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, tana haɗa ta. Mutumin da ka hango ya sa karensa a mota, mai yiwuwa wannan allurar ya je yi, kuma ɗan maƙwabcinsa ya tsare da ita.

A nan hujjarka ta talauci take juyowa ta goyi bayana. Ɗan mai hali a mota ake kai shi makaranta. Ɗan talaka ne ke bin lungu da ƙafa, almajiri ne ke shiga gida-gida da kwanonsa, su ke cin karo da karen da aka sako. In an ciji yaro, allurar da za a yi masa ba guda ɗaya ba ce, jeri ne a ranaku daban-daban, kuɗinta ya ninka na allurar kare sau da yawa, kuma galibi sai an je babban asibiti a birni kafin a same ta. Duk wanda ya ajiye kare bai yi masa rigakafi ba, talaka ya ɗora wa kuɗin sakacinsa. Tun da zancen ya zo nan, wanda duk kare ya ciza ko kyanwa ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a ce bari a ga abin da hali zai yi. Karen kuwa a killace shi kwana 10 ana lura da shi, a sanar da likitan dabbobi. Kashe shi a jefar a juji yana ɓatar da shaidar da likita ke nema.

Zancen kakanni kuma, ina ganin ka tauye musu haƙƙi. Je ka zauna da mafarauci na gaske ranar da suka dawo daga daji. Kafin ya nemi abin da zai ci, zai kira karnukansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya ɗaga tafin kowanne yana neman ƙaya, ya leƙa kunne, ya tsince kaska, ya lura da wanda yake ɗingishi da wanda ya ƙi taɓa kasko. Makiyayi ma haka yake da karen da ke bin garkensa. Wannan kulawa tamu ce, mun gaje ta, ba wanda ya kawo mana ita a jirgi. Abin da yake baƙo a cikinmu shi ne karen da aka sayo da kuɗi masu yawa, aka ɗaure da sarƙa a kejin kwano a bayan gida, ba mai kallonsa sai maigadi in ya zo watsa masa ƙanzo da dare. Maigidan bai san ranar da karen ya fara rashin lafiya ba, sai dai a gaya masa ya mutu, ya sa a sayo wani.

Sannan karnukan ma sun canza. Karen gida namu mai gajeren gashi ne, marar teɓa, jikinsa ya saba da rana da kaska. Waɗanda ake shigowa da su yanzu, irin su Alsatian da Caucasian da Lhasa, gashin ƙasashen sanyi ne a jikinsu, ga shi a Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano. Kare ba ya gumi a jiki yadda muke yi, da haki yake fitar da zafi. In aka bar irin wannan gashi ba tajewa, yakan cukurkuɗe ya dunƙule, iska ta daina isa fata, ƙarƙashinsa ya jiƙe ya fara ruɓa, ƙuda ya samu wurin yin ƙwai. In kana da faɗa, ka yi shi da wanda ya sayo karen ƙasar ƙanƙara ya kawo shi bakin Sahara, zan taya ka. Amma tun da ya riga ya sayo, matajin da ka yi wa dariya shi ne mafi ƙarancin abin da ke kansa.

Yanzu ga batun haƙori, wanda ya fi komai tsone maka ido. Babban kare haƙori 42 gare shi, kyanwa 30. Kwikwiyo yakan fara da 28 na nono, ɗan kyanwa da 26, su yi famfara, zuwa wata 6 ko 7 na dindindin sun gama fitowa, kuma daga su babu wasu. Duk lokacin da dabba ta ci abinci, wani yauƙi mai cike da ƙwayoyin cuta yakan manne a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. In ba a share shi ba, cikin 'yan kwanaki sinadaran miyau sun daskarar da shi ya zama ɓawo mai tauri, ruwan ƙasa, wanda goga ba ta ƙara fitar da shi. Dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini, ya janye, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya zaizaye, haƙori ya fara girgiɗi. Likitocin dabbobi sun daɗe da lura cewa yawancin karnuka da kyanwoyi sun fara nuna alamar ciwon dasashi kafin su wuce shekara 3. Kada ka ce wannan matsalar masu cin abincin gwangwani ce. Abin da muke zuba wa namu, sauran tuwo da shinkafa da taliya, shi ne ma ya fi lafewa a haƙori.

Ina roƙonka ka gwada abu ɗaya. Ka samu gidan da ke da kare mai shekara biyar ko shida, wanda aka yi wa rigakafi, ka ce mai shi ya ɗaga masa leɓen sama daga gefe, can wajen kumatu. Akwai wani babban haƙori a nan da kare ke yanka nama da shi. Dubi gindinsa. Sau da yawa ba za ka ga farin haƙorin ba, sai ɓawo, da wani jan layi a bakin dasashi, da warin da zai sa ka ja da baya. Wannan wari da muke cewa ai haka bakin kare yake, warin ciwo ne. In saiwar wannan haƙori ta yi ƙurji, kumburin yakan fito a ƙarƙashin ido, ya fashe, ya rufe, ya sake fashewa, mutanen gida suna ta shafa magani a fuska alhali ciwon yana cikin baki. Kare ba ya kuka don haƙori. Zai ci gaba da cin abinci, sai dai ya koma tauna da gefe ɗaya, loma tana faɗowa, yana goga fuska da ƙafa. Sai ranar da yaro ya dafa masa kai wajen wasa, daidai inda ciwon yake, ya kai masa cafka. A ce kare ya lalace, ya zama mafaɗaci, alhali wata da watanni yana fama ba wanda ya duba.

Ƙashi kuwa, gaskiya ne tauna tana ɗan rage datti, amma kuɗin da ake biya ya fi ribar yawa. Ƙashin ƙafar shanu yana da tauri ƙwarai, shi ke fasa wancan babban haƙorin da na ambata. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsattsage ya yi tsini, ya soki maƙogwaro ko hanji. Wani kuma yakan gindaya a ganɗa, ya maƙale tsakanin haƙoran sama, kare ya kasa rufe baki, miyau na zuba. A nan akwai gargaɗin da nake so kowa ya riƙe. Akwai nau'in haukar kare da ba ya zuwa da cizo da guje-guje, sai dai muƙamuƙi ya saki, miyau ya riƙa dalala, duk wanda ya gani ya ce ƙashi ne ya maƙale. Mutane sun ɗauki cutar ta hanyar zura hannu su ciro ƙashin da babu shi. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan goge baki, a kan karenka nake magana, wanda ka san an yi masa allura kuma lafiyarsa ƙalau. Karen da ba ka san asalinsa ba, ko wanda ya wayi gari yana zubar da miyau, aikin likita ne.

Shi goge bakin ba wani abin kashe kuɗi ba ne. Ɗan tsumma mai tsabta a naɗe a yatsa ya isa, ko buroshin yara mai laushi, da ruwa. Ba sai an wangame bakin ba, a ɗaga leɓe kawai a goga bayan haƙoran ta waje, musamman na can ciki, minti ɗaya ko biyu, kullum in da hali, in babu to 'yan lokuta a mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kwikwiyon da ya saba ana taɓa masa baki da kunne da tafi ba ya gardama in ya girma, kuma shi ne karen da za a iya ba magani ranar da ya kwanta ciwo. Kada a yi amfani da man goge baki na mutane, don kare ba ya tofarwa, haɗiyewa yake, ga shi wasu mayukan suna da wani sinadarin zaƙi da ake kira xylitol wanda guba ne gare shi. Ɓawon da ya riga ya daskare kuma ba a kankare shi da wuƙa ko reza. Likitan dabbobi ke cire shi bayan ya sa dabbar barci, domin wanda ya fi illa yana ƙarƙashin dasashi inda ido ba ya gani.

A kan kyanwa ka fi kusa da gaskiya. Harshenta yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, da su take taje kanta, kuma lafiyayyar kyanwar gida ba ta buƙatar a tsoma ta a ruwa. Amma wannan gaskiyar ita ce ke ba mai kyanwa aiki. In ka ga magen da ta saba sheƙi ta koma gashi a hargitse, da datti a ƙirji da ƙafafu, ta daina lasar jikinta, to sanar da kai take yi ba ta da lafiya, kuma sau da yawa bakin ne ke mata ciwo. Za ta zo gaban kwano da yunwa, ta sunsuna, ta ɗauki loma ta saki ta gudu. Harshen kuma ba ya gama da ƙuma, hasali ma in ta haɗiyi ƙuma wajen lasa, ta nan take ɗaukar wata tsutsar ciki da ake ganin fararen gutsattsarinta a gindin wutsiya. Makeron da ke cin kan yara ya bar tabo zagaye babu gashi, ɗaya daga hanyoyinsa ɗan kyanwa ne da suke runguma suna kwana da shi. Kyanwar Farisa mai dogon gashi, da 'yan matanmu suka fara sha'awa, ita kam harshenta ba ya isarta, sai an taimaka mata da mataji. Ka tuna kuma kyanwa maciyar nama ce ta asali, akwai sinadarin da ba ta samu sai a nama ko kifi, rashinsa yana taɓa ido da zuciya, don haka tuwo zalla ba ya riƙe ta. Albasa da tafarnuwar da ke cikin miyarmu suna lalata jinin kyanwa da na kare in sun yi yawa.

Akwai abin da nake ganin ba ka hango ba lokacin da kake kunyata masu zuwa asibitin dabbobi. Bahaushe ba ya iya zuba ido yana kallon dabbarsa tana shan wahala, dole zai yi wani abu. In ka rufe masa ƙofar likita, ka tura shi ga shawarar majalisa ne. Na ga kare mai ƙazuwa da aka shafe da baƙin mai tun daga wuya har wutsiya, yana tsaye a rana yana rawar jiki, yana lasar man, fatar da take da ƙaiƙayi jiya yau ta ƙone. Mai shi ba mugu ba ne, haka aka gaya masa ana yi. Wani kalanzir zai zuba, wani ya yi wa kwikwiyo wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona don kashe kaska, kafin awa guda ya ga yana kumfar baki yana shure-shure. Wata baiwar Allah za ta ga magenta ta yi laushi, tausayi ya sa ta ɓallo farasitamol ta ba ta, ba ta san hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani ba, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Hatta maganin ƙuma da aka yi don kare, akwai wanda in aka ɗiga wa kyanwa sai ta kama farfaɗiya. Duk waɗannan, tambaya ɗaya a wajen likitan dabbobi ta isa ta hana su. Likitocin kuma suna nan, jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna yaye su kuma suna da asibitocin koyarwa, ga asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha.

Kaska ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa kiwo. A duba cikin kunne, da tsakanin yatsu, da wuya. A kama ta dab da fata a ja a miƙe, ba a ƙona ta a jikin dabba, ba a murtsuke ta da yatsa. Kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta zuba dubban ƙwai, shi ya sa wanda ya wanke kare ya bar keji aikin banza ya yi. Cututtukan da take sakawa jini suke cinyewa, kuma wurin da ake fara gane su shi ne dasashi, wanda ke komawa fari fat maimakon ja-ja. Mai ɗaga leɓen karensa kullum shi zai gani da wuri.

Tsutsar ciki ce ta fi damuna bayan hauka, don ita ma tana tsallakowa. Kwikwiyo da yawa da tsutsa ake haihuwarsu, daga uwa suke ɗauka, shi ya sa za ka ga ciki ya yi tulu, jiki a rame. Ƙwan tsutsar yana fita a kashi, ya daɗe a ƙasa da ransa, a tsakar gidan da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Akwai kuma wadda ta haɗa kare da kwata. In mahauci ya fede tunkiya ko raƙumi ya tarar da wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a hanta ko huhu, yakan yanke wurin ya wurga wa karnukan da ke jira. Karen ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi ya manne a gashinsa da ganyen lambu. Mutum ya haɗiya bai sani ba, bayan shekaru irin wannan ƙulli ya tsiro a hantarsa, wani lokaci sai an yi masa tiyata. Maganin tsutsa duk wata 3, kwashe kashi kullum, binne ko ƙona lalatattun kayan ciki, da wanke hannu kafin cin abinci, su ke yanke wannan zagaye.

Na lura a ƙarƙashin maganarka akwai ƙyamar kare da aka rene mu da ita, kuma ba na raina ta. Ba ina kira a sa kare a ɗaki ko a kan gado ba. Wanda ba ya son taɓa miyau ya sa safar hannu, ya wanke hannu da sabulu in ya gama. Amma in addini za mu kawo, mu kawo shi gaba ɗaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Shari'a ta halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gona, Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, malamanmu sun kuma ruwaito cewa mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare don gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, sun kuma kawo na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Laifin wannan mata kullewa ne tare da sakaci. Karen da ke ɗaure a sarƙa ba zai iya zuwa inuwa da kansa ba, ba zai iya neman ruwa ba, ba zai iya guje wa kaskar da ke bangon kejinsa ba. Wanda ya ɗaure shi ya ɗauke masa duk wata dabara, don haka komai ya dawo wuyansa. Ba wanda aka tilasta wa ajiye dabba, wanda ya ga ba zai iya ba ya bari tun farko.

Alƙalaminka yana da masu sauraro, Malam, shi ya sa nake neman ka juya shi inda zai yi aiki. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukar kare ta duniya, an zaɓe ta ne don ranar da Louis Pasteur ya rasu, mutumin da a 1885 ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar wannan cuta a Faransa, yaron ya rayu. Hukumomin lafiya na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son a daina mutuwa daga cizon mahaukacin kare. Ka rubuta ka tambayi shugabannin ƙananan hukumomi ko karnuka nawa aka yi wa allura a yankunansu bara. Ka nemi masu unguwanni da sarakunan farauta su tara karnuka a rana ɗaya a ƙofar fada, a kira ma'aikatan dabbobi su zo da allura a cikin ƙanƙara, a ba kowane mai kare katinsa. Ka nemi sarakunan pawa su hana wurga wa karnuka lalatacciyar hanta, a kewaye kwata, a haƙa rami. Ka kuma matsa wa ma'aikatun lafiya na jihohi su ajiye allurar mutane a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, don kada uban da aka ciji ɗansa a ƙauye ya kwana biyu yana neman kuɗin mota zuwa birni.